Makullan da Suka Cinye Makunnin Motar Hamma Sale

Shekara bakwai ke nan da muka kai Hamma Sale makwancinsa, kuma in faɗi gaskiya, har yau ban gama jin haushinsa ba. Na san ba haka ake buɗe rubutun tunawa da mamaci ba. An saba a ce mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, a yi masa addu'a a tashi. Duk wannan gaskiya ne game da yayana, Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Amma ni ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma babu wanda ya kai ni tura motarsa a garin Gombe, don haka ina da abin faɗa da ya wuce na masu ta'aziyya.

Hamma Sale hatsi yake sayarwa a Kasuwar Gombe tun ina ɗan firamare. Gidansa na Jekadafari, katanga ɗaya ta raba shi da nawa. Yana da wata tsohuwar mota mai dogon baya, ruwan toka, wadda ya saya a hannu ya riƙe ta har ya koma ga Allah. Injinta lafiya lau. Abin da ya hana ta zaman lafiya, ya hana mu, shi ne makunninta, wato wurin da ake zura makulli a murɗa mota ta tashi. Abin da ya lalata makunnin kuwa ba komai ba ne illa halin mai motar.

A unguwarmu a wancan lokacin, in mutum zai yi tafiya ba ya tura makullin gidansa ƙarƙashin dutse. Yakan kai wa wanda ya yarda da shi. Ban san yadda aka yi ba, amma kusan kowa Hamma yake kai wa. Mai zuwa aikin Hajji, malamin makarantar da zai tafi hutu ƙauyensu, matar da za ta je jinyar uwarta a Dukku, mai zuwa sari Kano, har da makullin ɗakin tabarmin masallaci. Wasu in sun dawo su karɓi abinsu. Wasu kuma su ce, "Alhaji, bar shi wurinka, ina da wani." Da haka suka yi ta taruwa.

Wani mai hankali da sai ya sami akwati ya zuba su. Hamma a'a. Ya sa maƙeri ya yi masa zoben ƙarfe mai faɗin awarwaro, ya jera su duka a ciki, ya haɗa da makullin motarsa. Hujjarsa ita ce, makullin mota ne kaɗai abin da ba ya mantawa a ko'ina. In mutum ya sauka a tasha da kaya niƙi-niƙi ya biyo ta rumfarsa, so yake ya miƙa masa makullinsa nan take, kada a ce wani ya tsaya da iyalinsa a rana a ƙofar gida saboda Sale ya baro amana a ɗaki. Damin nan in ka ɗaga shi sai ka ji kamar ka ɗauki rabin mudun gero. Shi ne yake reto a wuyan makunni daga safe har yamma, a kan titunan da kowa ya san halinsu.

Da farko abin wasa-wasa ne. Sai ya murɗa makulli, 'yan fitilun gaban direba su ƙi kamawa, tsit kamar an zare batir. Amma ka danna ham ya yi ƙara, ka kunna manyan fitilu su haska tar. Sai ya ɗan jijjiga makullin, ya tallabe damin da ɗaya hannun, fitilun su lumshe su dawo, mota ta tashi. Daga baya ta koyi mutuwa a tsakiyar tafiya. Rami ɗaya ya isa. Dami ya yi lilo, makulli ya goce, inji ya ɗauke. Wani lokaci bayan doguwar tafiya in ka taɓa kan makullin sai ka ji shi da zafi. Ni da ban san komai a harkar mota ba na gane inda ciwon yake, don ko makaho ya shiga motar nan zai ji cewa ƙarar makullai ce ke zuwa kafin mutuwar inji.

Mai yi masa aikin waya Bitrus ne, mutumin Kaltungo, mai rumfa a Bolari. Sa'ansa ne, kuma abokin faɗansa. Ban taɓa ganin mutum biyu da suke musu kullum a kan abu ɗaya ba tare da sun gaji ba kamar su. Bitrus ya gaya masa, ya sake gaya masa, a gabana, a gaban kowa.

"Alhaji, batir ɗinka lafiya, kik ɗinka lafiya. Kayan nan da ka rataya mata ne suka cinye iginishin, makunnin ke nan. Mota ce fa, ba jaki ba."

Sai Hamma ya zare damin ya miƙa masa, yana murmushin nan nasa mai ban haushi.

"To ga su nan, Bitrus. Nuna min wanda zan fara cirewa."

Daga nan sai Bitrus ya yi shiru, ya mai da kansa cikin bonet. Kullum a nan musun yake ƙarewa. Ni a zatona gajiya yake yi da taurin kan yayana, kuma ban ga laifinsa ba.

Tun da an hana a taɓa mai laifi, sai aka koma kan marasa laifi. An sauya batir. An sauya kik, wato abin da ke fara juya inji. An sauya fulogai, an sauya famfon mai. Hamma ya daina shan mai a gidan man da ya saba, wai sun fara gauraya shi. Akwai lokacin da na shiga motar na tarar da laya tana lilo a jikin madubi, wai bakin mutane ne ya kama ta. Na ce, "Hamma, bakin mutane ko makullan mutane?" Bai kula ni ba. Wasu samari a tasha sun ba shi shawara a haɗa masa wayoyi kai tsaye, a sa ɗan maɓalli a gefe, ya huta da makunnin gaba ɗaya. Nan ne kaɗai na ga ya saurari Bitrus, wanda ya ce in aka yi wannan haɗin, ranar da wuta za ta kama motar kada a kira shi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne gwangwanin madara. Wata rana na buɗe ƙofar motar na ga ya ɗaure gwangwani da waya a ƙasan sitiyari, daidai inda damin ke sauka, don makullan su zauna a ciki su rage jan makunni. Na tsaya ina kallon abin nan, raina na tafasa. Ashe ya sani! Duk batir da layar nan, duk zargin masu gidan mai, mutumin nan ya san sarai abin da ke damun motarsa. Ya gwammace ya gina wa makullai gida a cikin mota da ya raba su da makullinsa. Gwangwanin ya yi ɗan amfani, sai dai ya ƙara mana wani sabon kiɗa a tafiya, kuma in aka faɗa babban rami makullan sukan yi tsalle su fice.

Ba zan manta da ranar da muka je Kumo nema wa babban ɗana aure ba. Dattawa ne cike da mota, kowa da babbar riga mai sitati. Muka yi tafiya lafiya har muka karya kwanar gidan surukai, a nan wata 'yar kwata ta gama da mu. Inji ya ɗauke a daidai inda mutanen da aka tara don tarbarmu suke hango mu daga kan tabarmi. Hamma ya leƙo ta taga ya ce mu ɗan taɓa ta. Muka fito, muka naɗe hannayen riga, muka shiga turi. Ni da na je a matsayin uban ango, haka surukaina suka fara ganina, ina nishi a bayan mota, hula ta karkace, gumi ya jiƙa shadda. Takaicin shi ne turin ba shi da wani amfani, domin motar da makunninta bai ba da wuta ba ko ka tura ta har Bauchi ba za ta tashi ba. Muna turi yana jijjiga makulli a ciki, da ya dace da daidai ta tashi, sai ya leƙo ya ce, "Kun gani ko? Turi take so." An ba mu yarinyar, amma har yau in na je Kumo akwai tsohon da yake tambayata ko na zo da ƙarfina.

Wani lokaci nakan zauna in yi tunanin abin da Hamma zai ce da ya ga Gomben yau. Yanzu akwai motocin da ba su da ramin makulli sam, maɓalli ake dannawa, makullin na aljihu. Ina ganinsa a raina yana zagaya irin wannan motar, yana leƙa ƙasan sitiyari, yana neman inda zai rataya amanar mutane. Na tabbata ba zai rasa ba, ko a jikin giya ne sai ya rataya. Gyaran ma ya sauya. Samari suna jona wata na'ura a jikin mota ta faɗa musu ciwonta, kuma na san da sun jona wa tasa ta ce makunni, cewa zai yi na'urar ce ke da ciwo. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji in ya ga yadda ake tafiya yanzu. Mutum ya kafa kyamara a ƙofar gida, yana Abuja yana kallon zaurensa ta waya, maƙwabcinsa ma bai san ya yi tafiya ba. A layinmu na daɗe ban ji an ce wani ya kai wa wani makulli ba.

Rasuwarsa ba ta zo da doguwar jinya ba. Ciwon ciki ne na 'yan kwanaki bayan damina. A zaman makoki wasu sun tuna da makullansu, matarsa Adda Kulu ta zare ta ba su. Sauran, waɗanda ba a zo nema ba, suka ci gaba da zama a zoben tare da makullin mota, ta rataye damin a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinta. Motar ta faɗo a rabon 'yarsu Ma'u, ita kaɗai ce ta rage a gida. Shekaru tana fake a gindin dalbejiya, ni nake ɗan tayar da ita lokaci-lokaci don kada inji ya kwanta, kuma duk tayarwa sai na yi jijjigar da na tsana.

Bara ne maganar ta daina zama abin dariya. Adda Kulu na da ciwon suga, ga gwiwoyi sun ƙi, ga wani ɗan miki a ƙafa da likita ya ce dole a riƙa dubawa a kai a kai. Keke mai ƙafa uku ba ta iya hawansa, in ta hau ma girgizar kan kwantar da ita. Sai Ma'u, wadda ke koyarwa a wata firamare, ta dage ta koyi tuƙi don ta riƙa kai uwarta asibiti. Na ji daɗi, na ce yanzu sai mu kai motar wurin Bitrus a sauya makunnin, a cire mata makulli ɗaya tilo. Adda ta dube ni kamar na ce a rushe ɗakinta.

"Ummaru, yadda ya bar su haka za su zauna. Ba a taɓa min."

Na yi bayani, na kawo misali, na tuna mata Kumo. Ta ce ita da ƙarar makullan nan take gane ya dawo tun yana zaure, kuma in an sauya makunni an ce sabon makulli ake bayarwa, to nasa ya zama me? Haka Ma'u ta riƙa karɓar damin gaba ɗaya daga hannun uwarta, ta zura, ta jijjiga, ta saka shi a gwangwanin madarar ubanta. Na ga taurin kai ya tsallake kabari ya dawo gida, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Ana nan, wata safiya suna hanyar asibiti, a mahaɗar da ke cike da keke da mashin a Bolari, tayar gaba ta faɗa rami. Inji ya ɗauke, sitiyari ya yi tauri a hannun yarinya, birki ya ƙi takuwa. Ga tifa ɗauke da yashi a bayansu. Waɗanda suka gani sun ce direban ya taka birki har tayoyinsa suka yi hayaƙi, ya tsaya tazarar da ko hannu ba zai shiga tsakaninsu ba. Da aka kira ni na je, na tarar da Ma'u zaune a bakin kwata.

"Bappa, wallahi na gama. Ba zan sake taɓa motar nan da kayan nan a jiki ba. In kashe Inna, in kashe kaina, a kan makullan mutanen da ko sanin muna yi ba su yi ba?"

Ta kuwa cika maganarta. Uwar ta ƙi a taɓa dami, 'yar ta ƙi tuƙi, mota ta koma gindin dalbejiya. Ranar asibiti ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa ta wuce. Na kawo keke har ƙofar gida, Adda ta gwada ɗaga ƙafa ta kasa. Na nemo motar haya, ta ce ita ba za ta shiga motar wani ba alhali ta mijinta na tsaye. Mikin ƙafar ya fara canza launi. Matata ce ta gani ta zo ta gaya min, ta ce in ba mu yi da gaske ba ƙafar nan yanke ta za a yi. Ranar na ji haushin Hamma fiye da duk wanda na taɓa ji yana da rai.

Na tafi Bolari na sami Bitrus. Ya tsufa, gashi ya yi fari, sai da tabarau yake aiki. Na zayyana masa komai. Ya ce kada in kawo motar, shi zai zo, kuma a sa wa Hajiya kujera a ƙofar gida ta ga komai da idonta.

Haka aka yi. Ya zo da hantsi da 'yar jakarsa. Ya fara cire kan batir, ya kwance murfin robar da ke ƙasan sitiyari, ya ajiye gwangwanin madarar a gefe da ladabi kamar wani abin gado. Sannan ya mai da kan batir, ya ɗauko ƙwan gwajinsa, wato ɗan ƙwai mai waya wanda ke kamawa in ya taɓa inda wuta take. Ya taɓa wayar da ke kawo wuta cikin makunni, ƙwai ya kama tar. Ya murɗa makulli, ya taɓa wadda ke fitar da wutar zuwa inji, ƙwai ya yi ja-ja kamar zai mutu. Ya ce wa Ma'u ta ɗan kaɗa damin. Tana kaɗawa ƙwan ya ɗauke, ta saki ya dawo, ta sake kaɗawa ya sake ɗaukewa.

"Hajiya, kin gani? Abin da ya faru da ku a gaban tifa ke nan."

Ya sake cire kan batir, ya kwance wasu 'yan ƙananan kusoshi a bayan makunnin, ya zaro wani abu baƙi mai kamar murfin kwalba, wayoyi na manne da shi. Ya ɓare shi ya kai mata har kujera. Ƙarafan ciki sun ƙone sun yi baƙi, robar gefe ta narke. Ya yi mata bayani cewa makunni kashi biyu ne. Akwai ƙarfen gaba da makulli ke shiga, akwai wannan na baya mai raba wuta. Na bayan ne ya mutu, shi zai sauya, ya ma zo da wani. Na gaban ya yi sako-sako amma zai rayu, don haka makullin Alhaji ne zai ci gaba da tayar da motar Alhaji. Na ga fuskar Adda ta saki a karon farko. Ya ɗaura sabon, ya mai da komai, ya murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya. Ni da na yi shekaru ina turin motar nan, aikin bai kai tsawon zaman cin tuwo ba. Na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ihu.

Sai Bitrus ya ce saura magana ɗaya. In damin nan ya koma wuyanta, ƙarfen gaban ba zai riƙe makulli ba, rami ɗaya zai sake kashe ta, sabon ma ya bi tsohon. Adda ta ɗaure fuska ta ce amana ce. A nan haƙurina ya ƙare.

"Amanar wa, Adda? Rabin masu makullan nan sun mutu, rabi sun sauya ƙofa! Ƙafarki za a yanke a kan kwaɗon da babu shi a duniya?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta daɗe tana juya zoben a cinyarta. Sannan ta ce ita ba za ta zuba amanar mijinta a gwangwani ba. In muna so a raba su da makullin mota, to a mayar wa kowa nasa, hannu da hannu, ko shi ko magajinsa. In zoben ya zama fanko, ta yarda.

Ashe ta san kusan kowanne da ido. Wannan na gidan wane ne, wannan na shagon wance. Na ɗauki Ma'u a bayan mashin ɗina muka shiga zagaye, ina tafe ina mita. Wani ya yi dariya har da hawaye, ya nuna mana ƙofar ƙarfen da ya sa tun kafin a haifi autansa. Ladan ya ce kwaɗon ɗakin tabarmi tuni aka fasa shi da guduma, amma ya karɓa ya yi wa mamaci addu'a. Wata tsohuwa a bayan kasuwa ta karɓi nata ta rufe fuska da mayafi, na ɗakin ɗanta ne da ya tafi kudu neman kuɗi bai dawo ba. Wani mun tarar ya koma Kano, sai ƙaninsa muka ba. Duk gidan da muka shiga sai an ba mu labarin Hamma da ban sani ba, yadda ya zo ya share ƙofar gida mai shi na Makka, yadda ya toshe rufin da ke yoyo bai faɗa wa kowa ba. Ina saurare ina jin daɗi, ina kuma tuna cewa a kan hanyar zuwa irin waɗannan ayyukan ne nake tura mota.

A ƙarshe ya rage saura ɗaya, wani tsohon makulli mai dogon wuya. Adda ta ce wannan kam ba ta taɓa sanin mai shi ba, ta taɓa tambayar Hamma ya ce ba ruwanta. Muka tambayi duk wanda za a tambaya a unguwa, babu. Ita kuma ta kafe a kan sharaɗinta. Ƙafa na ƙara kumbura, mota lafiyayya na tsaye, makulli ɗaya ya tsare hanya. Na koma wurin Bitrus da zoben a hannu don ya zo ya sake yi mata magana, tun da shi take ɗan saurara. Na ajiye shi a kan bencinsa ina ta faɗa. Bitrus ya jawo zoben gabansa. Ya cire tabarau, ya ɗauki makullin, ya shafa shi da babban yatsa.

"Nawa ne," in ji shi.

Sai ya ba ni labari. Wata shekara da gari ya rikice, lokacin ina aiki a Bauchi, Bitrus ya kwashe iyalinsa cikin gaggawa zuwa Kaltungo. A hanyar tasha ya biya ta rumfar hatsi ya danƙa wa Hamma makullin gidansa, ba tare da ya san ko zai dawo ya sami gidan ba. Hamma ya rufe rumfarsa, ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gidan Bitrus, nan yake wuni har ƙura ta lafa. Duk wanda ya zo da wata niyya sai ya tarar da Alhaji Sale zaune da carbi, ya ce gidan a hannunsa yake. Da Bitrus ya dawo, da makullin matarsa ya buɗe ƙofa. Bai nemi nasa ba, Hamma kuma bai miƙa ba.

Na ce, "Haba Bitrus! Shekara da shekaru kana yi masa faɗa ya rage kaya, ashe naka na ciki?"

"Shi ya sa in ya ce in nuna wanda zai cire nake yin shiru. Na san aikina, Ummaru, na san suna kashe motar. Amma muddin makullin nan na jikinsa, na san ina da gida a garin nan."

Muka je tare ya faɗa wa Adda da bakinsa. Ta zare makullin daga zoben ta miƙa masa, ta zare na motar ta miƙa wa Ma'u, ta mai da zoben fanko kan ƙusarsa. Washegari da safe na ji motar ta tashi bugu ɗaya, ba jijjiga, ba kiɗan gwangwani. Likita ya yi faɗa sosai, amma ya ce an zo da sauran lokaci. Ƙafar Adda Kulu na nan, da ita ta taka ta shigo gidana jiya ta tuna min cewa shekara bakwai ta cika.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Hamma Sale, ba zan ce hikima ba. Mutumin da ya ɗaure gwangwanin madara a ƙasan sitiyari maimakon ya sayi akwati ba zan kira shi mai hikima a jarida ba, ko da ya mutu. Har gobe ina nan a kan bakana: da ya raba makullan nan da na motarsa, da babu amanar da za ta tozarta, da ni ma bayana ya huta, da 'yarsa ba ta ga tifa a madubi ba. Amma na zagaya gidajen nan na ga fuskokin mutane. Akwai waɗanda suka yi shekaru suna barci da daɗi a garin wasu saboda sun san inda makullinsu yake reto.

Ranar da Bitrus ya karɓi nasa, na raka shi bakin titi. Kafin ya hau keke sai ya kamo hannuna, ya sa makullin a tafina, ya naɗe yatsuna a kai. Na ce me zan yi da shi? Ya ce katanga ɗaya ce tsakanina da Alhaji, in riƙe. Na kawo shi gida na rasa inda zan ajiye. Akwati zan manta, aljihu zai ɓace. Na duba duk abin da na mallaka, abu ɗaya ne ba na fita ba tare da shi ba.

Makon jiya na kai mashin ɗina Bolari a duba min fitila. Bitrus ya sunkuya, ya ga makulli mai dogon wuya yana lilo a jikin makunnina. Ya buɗe baki zai yi magana, ya dube ni, sai ya mai da kansa kan aikinsa.